Haibiskos ɗin tsakar gida ba zoɓo ba ne

Yau zancenmu zai bar kantin magani ya shiga tsakar gida, wajen wata shuka da yawancinku kuke wucewa ta gabanta kullum. Ina nufin fulawar nan mai koren ganye mai sheƙi, mai babban jan fure da wani dogon tsinke da ke leƙowa daga tsakiyarsa, wadda ake yi wa makarantu da asibitoci da gidaje shinge da ita daga Legas zuwa Ibadan, Abuja da Fatakwal. Masu sayar da fulawa a bakin titi haibiskos suke ce mata.

Dalilai biyu ne suka sa na ɗauko wannan zance. Na farko, mutane da dama sun fara sha'awar sababbin launukansa, ruwan ɗorawa da ruwan goro da ruwan hoda da mai launi biyu, suna kuma tambayar yadda ake samar da su. Na biyu shi ne wata tambaya da nake yawan sha a wurin aiki. Mutum zai ga rubutu a Facebook ko WhatsApp cewa haibiskos yana sauke hawan jini, an manna hoton wannan jan fure na ado a saman rubutun, sai ya zo ya ce mini: "Ga shi kuwa ina da shi a gida, in tsinka in dafa?" Amsata kullum a'a ce. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ta bayyana dalilin wannan a'a ita ce in nuna muku yadda ake barbarar furen. Duk wanda ya taɓa yin barbarar da hannunsa ba ya sake yin waccan tambayar.

Mu fara da dangi. Abin da Turawa suke kira haibiskos suna ne na babban gida mai ɗaruruwan tsirrai. Yakuwar da muke miya da ganyenta, muke kuma samun zoɓo daga jikinta, 'yar gidan ce, masana suna kiranta Hibiscus sabdariffa. Ramar kwaɗo ita ce Hibiscus cannabinus. Na adon da ke shingenku shi ne Hibiscus rosa-sinensis, sunan da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Idan aka faɗaɗa zuri'ar, kuɓewa da auduga da lalo da kuka, har ma da goro, duk dangi ne. Ku dubi furen kuɓewa da safe ku kwatanta shi da na shingenku, za ku ga kamannin. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Ba wanda yake kaɗa miya da auduga don ta haɗa dangi da kuɓewa.

Shi na adon tun asalinsa ɗan ruwa biyu ne. Ba a taɓa samunsa yana tsiro da kansa a daji ba, a lambunan mutane aka san shi, a ƙasashen Asiya da tsibiran tekun Fasifik. Daga baya masu sha'awar furanni suka riƙa haɗa shi da 'yan'uwansa na wasu wurare: fararen nan masu ƙamshi na tsibirin Hawai, da wani na Gabashin Afirka, wajen Kenya da Tanzaniya, mai fure da ke rataye kansa ƙasa kamar fitila, gefensa a yayyage. Daga wannan cuɗanya aka samu dubban nau'o'in da ake da su yau. A Amurka akwai ƙungiyar masu rainonsa da aka kafa tun 1950, ƙasar Malesiya kuwa ta ɗauke shi furen ƙasa a 1960. Abin da nake so ku riƙe daga wannan tarihi shi ne, duk waɗanda suka yi wannan aiki launi da girman fure suke nema. Ba wanda ya zaɓi iri a cikinsu saboda amfaninsa ga jikin ɗan'adam.

Yin barbarar bai fi ƙarfin kowa ba. Ni a barandar gidan haya nake yi, a cikin bokitan fenti da aka huda gindinsu. Ku sami shuka biyu masu launi daban, ɗaya ta zama uwa, ɗaya uba. Ku lura da dogon tsinken da ke tsakiyar furen. A jikinsa akwai ƙananan kawuna masu ɗauke da gari ruwan ɗorawa, wanda yake manne wa yatsa idan an taɓa, wannan shi ne ɓangaren namiji. A can ƙarshen tsinken kuma akwai 'yan dunƙule guda biyar masu laushi kamar karan-miski, su ne ɓangaren mace. Aikin duka bai wuce ɗauko garin wancan fure a shafa a kan dunƙulen nan biyar na wannan ba.

Lokaci ne babban sirrin. Furen haibiskos kwana ɗaya yake yi, in ya daɗe biyu, sai ya naɗe ya faɗi. Don haka da safe ake aikin, bayan fure ya buɗe, garin ya fito ya bushe, kafin rana ta yi zafi. Za ku iya tsinko furen uba gaba ɗaya ku goga jikin tsinkensa a kan na uwa, ko ku yi amfani da tsinken audugar goge kunne. Ku tabbata kowane dunƙule cikin biyar ɗin ya rufe da gari har ya koma ruwan ɗorawa, don kada garin wani fure da ƙwaro zai kawo ya sami wurin zama. Sai ku ɗaura zare a wuyan furen tare da 'yar takarda, ku rubuta kwanan wata da sunan uwa, sannan na uba. A gidanmu 'yata ce mai riƙe da littafin, ita ke zana launin kowane fure da fensir mai kala.

Bayan kwana ɗaya ko biyu furen zai faɗi, ya bar ɗan koren kofin da ke gindinsa. Idan kofin ya yi ɗorawa ya faɗi cikin mako guda, barbarar ba ta kama ba, kuma hakan na faruwa sosai. Zafi mai tsanani yana zubar da shi, shi ya sa a nan Kudu na fi samun sa'a da damina, lokacin da gari ya yi sanyi-sanyi, a safiyar da ba a tashi da ruwa ba. Watannin Fabrairu zuwa Afrilu wahalar banza ce. Wasu nau'o'in kuma ba sa son ɗaukar iri ko da an yi musu komai daidai. Jan nan na shinge da kowa ya sani yana cikinsu, haka ma masu fure ninki-ninki kamar fatalar amarya. Idan shuka ta ƙi zama uwa, ku gwada ta a matsayin uba.

Idan ya kama, kofin zai ci gaba da zama kore, ƙwanso ya riƙa kumbura a cikinsa. Cikin mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye, zai koma ruwan ƙasa ya tsage gida biyar. Tun kafin ya tsage ku ɗaura masa ɗan yankin tsohon gidan sauro, don kada irin ya zube ƙasa ku rasa shi. 'Ya'yan baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, sun yi kama da na kuɓewa, ɓawonsu da tauri. Ku bar su su sha iska kwana biyu ko uku, sannan ku ɗan kankare bayan kowanne da abin yanke farce, kaɗan kawai yadda ruwa zai sami hanyar shiga, ku jiƙa su su kwana. Wannan mataki na manya ne, ba na yara ba. A shuka su cikin ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, zurfin bai kai gaɓar yatsa ba, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansu kai tsaye. Ƙasar ta kasance da danshi, kada ta yi caɓi. Tsiro yakan fito tsakanin mako ɗaya zuwa huɗu. Daga nan sai haƙuri, domin furen farko yakan ɗauki daga wata shida har zuwa shekara biyu.

Ranar da ya buɗe ita ce ranar darasi. Na taɓa haɗa wani ruwan ɗorawa mai jan ido da wani ruwan hoda. Ƙwanso ɗaya ya ba ni iri tara, shida suka tsiro, huɗu suka kai ga fure. Ɗaya ya fito ruwan goro, ɗaya ja mai duhu wanda babu shi a uwa ko uba, ɗaya ruwan hoda mai ƙaramin fure da ba ya buɗewa sosai, na huɗun kuma fari-fari da jan ido. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba biyun da suka yi kama. A nan albasa ba ta yin halin ruwa. Dalili kuwa shi ne iyayen su ma 'yan ruwa biyu ne, kowanne yana ɗauke da ƙwayoyin gado na kakanni iri-iri a ɓoye, haibiskos ɗin ado kuma yana da ninkin waɗannan ƙwayoyi fiye da yawancin tsirrai. Kowane iri da kuka shuka sabon haɗi ne da ba a taɓa yin irinsa ba.

Saboda haka ne masu sayar da fulawa ba sa yaɗa nau'i mai kyau ta hanyar iri. Reshe suke yankowa su dasa, ko su yi masa aure a kan gindin wani mai ƙarfi, kamar yadda ake yi wa mangwaro ɗan aure. A lura da bambancin, domin ana yawan cakuɗa su. Aure da dashen reshe suna maimaita shuka ɗaya ce sak, barbara kuwa sabuwar shuka take haifarwa. Idan kun sami wanda ya burge ku cikin 'ya'yanku, ku yanki reshe mai tsawon taƙi guda wanda ya fara tauri, ku cire ganyen ƙasa, ku soke shi cikin yashi mai danshi a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa.

Yanzu mu koma kantin magani da wannan darasi a hannu. Abin da aka fi horar da mu a kai a makarantar harhaɗa magunguna shi ne tabbaci: ƙwayar da ke cikin wannan kwali ta zama daidai da ta wancan kwali, a san abin da ke ciki, a san adadinsa. Launin fure sinadarai ne ke ba da shi. Idan 'ya'yan ƙwanso ɗaya sun bambanta haka a launi, to sun bambanta a abin da ke cikinsu. Wanda ya tsinki furen shingensa ya dafa don hawan jini, yana shan abin da ba wanda ya auna, daga shukar da ba don haka aka zaɓe ta ba.

Binciken da ake ta yaɗa labarinsa a waya, a kan zoɓo aka yi shi. Wanda aka fi ambata shi ne na Jami'ar Tufts da ke Amurka, da aka wallafa a 2010. Mutum 65 ne masu hawan jini mara tsanani ko waɗanda ke dab da shi, ba sa kuma shan maganinsa. An ba wasu kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, wasu kuma aka ba su wani abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kusan maki 7, ta sauran kuwa da ɗan fiye da maki 1. Sakamako ne mai kyau, amma ku lura da abin da aka sha. Ba ma furen yakuwa ba ne, domin furenta fari-fari ne ko ruwan hoda mai haske, yana faɗuwa cikin yini guda. Jan abin da muke saya a mudu shi ne kofin da ke gindin furen, wanda a yakuwa yake kumbura ya yi nama ya yi tsami. A haibiskos ɗin ado wannan kofi kore ne siriri, shi ne wanda na ce ku sa wa ido bayan barbara. Shi wannan jan kofi ne manoman Jigawa da Kano da Katsina suke busarwa har ana fitar da shi zuwa Meziko, shi ne karkade a Sudan da Masar, bisap a Senegal, sobolo a Ghana.

Ban ce furen ado guba ba ne. A wasu ƙasashe ana cinsa, a Indiya ana haɗa man gashi da shi. Damuwata guda uku ce. Ta farko, mai hawan jini ya dogara da shi ya yi sakaci da maganinsa, hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya taɓa ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ta biyu ta shafi mata. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya a kan ɓeraye sun nuna cewa ruwan da aka tace daga furen adon yana hana ciki zama. Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan ya isa ya sa mai juna biyu da mai neman haihuwa su nisance shi. Ta uku ita ce feshi. Haibiskos yana jawo ƙwari, musamman farin nan mai kama da auduga da ke taruwa a bakin toho, da ƙananan kore ko baƙaƙe masu tsotse ruwan ganye. Masu rainon fulawa don sayarwa sukan yi musu feshi, ba kuma da tunanin wani zai ci ba. Wasu magungunan ƙwarin shuka takan zuƙe su ta saiwa su ratsa ganye da fure, irin waɗannan wanki ba ya fitar da su.

Shi ma zoɓon na gaskiya yana da ƙa'ida ga mai shan magani. Idan kuna shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, yawan zoɓo zai iya ƙara sauke jinin har mutum ya riƙa jin jiri idan ya miƙe tsaye. Kofi ɗaya a wajen biki ba abin tayar da hankali ba ne, amma wanda yake so ya mayar da shi abin sha na kullum ya gaya wa likitansa ko mai ba shi magani, ya kuma riƙa auna jininsa yana rubutawa. Kada a haɗiyi ƙwaya da zoɓo. Wani bincike da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna cewa karkade yana rage adadin kulorokwin da ke shiga jini idan an sha su tare. Ko da yake yanzu ba shi ake ba masu zazzaɓin cizon sauro ba, darasin yana nan: ruwa zalla ne abokin ƙwaya, a bar tazarar awa biyu kafin a sha zoɓo. Mai ciwon suga kuma ya tuna cewa zoɓon gora da ake sayarwa a kan hanya sukari yakan yi yawa a cikinsa, wanda aka dafa a gida ba sukari ko da ɗan kaɗan ya fi masa. Mai juna biyu ta taƙaita shi, ta kuma tambayi ma'aikatan wajen awo.

Tunda yara za su shiga wannan aiki, lambun ya zama wurin da hankalinku zai kwanta da su. Yawancin ƙwarin haibiskos ba sa buƙatar guba. Ruwa mai ƙarfi daga tiyo yana kakkaɓe su, haka ma ruwan sabulu mai ɗan kumfa da aka fesa a bayan ganye da yamma, ko ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen darbejiya a ciki. A maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ina roƙonku kada ku kusanci shuka da piya-piya, kada kuma ku taɓa zuba maganin ƙwari a gorar lemo ko ta ruwa, domin ta nan ne yara suka fi sha. Idan tsautsayi ya faɗa, alamomin da za a gani sun haɗa da dalalar miyau, amai, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Kada a ɗura manja ko madara, kada a sa yaro amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin, don likita ya san da me yake faɗa. Sannan ku riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a farantin ƙarƙashin bokiti. Sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi a irin wannan ɗan ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi.

Ga wanda yake son shan abin da ya shuka da hannunsa, shawarata ita ce ya ware bokiti ɗaya ko biyu ya shuka yakuwa a farkon damina. Gurguzu ba ya wahalar samu wajen masu kayan miya na Sabo ko Agege, ko a yi saƙo daga gida. Cikin 'yan makonni za a fara tsinkar ganye don miya da fate, wajen wata biyar zuwa shida kuma a girbi zoɓo. Kada ku ji tsoron ajiye ta kusa da na ado. Duk da dangantakarsu ba sa karɓar garin juna, don haka ba abin da zai gurɓata zoɓonku, muddin feshin wancan bai kai ga wannan ba. Ku sa yaro ya tsinko kofin gindin furen kowanne ya ajiye su gefe da gefe a tafin hannunsa, ja mai nama da kore siriri. Daga ranar ba zai ƙara ruɗewa da hoton da ya gani a waya ba, zai ma gyara wa manya.

Masu hawan jini, ku ci gaba da shan maganinku yadda aka rubuta, ku riƙa zuwa awo a kan kari. Wanda kuma ya gwada barbarar, idan furensa ya buɗe baɗi ya aiko mana da hotonsa ta adireshin wannan jarida, tare da launin uwa da na uba. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.